Masu Kirari A Filin Wasan Makaranta

Duk wanda ya san Zariya ya san PZ. Wuri ne a Sabon Gari, kusa da tashar jirgin ƙasa, inda manyan hanyoyi suka gamu. Ya samo sunansa daga kantin wani kamfanin ciniki, Paterson Zochonis, wanda ya fara kasuwanci a Saliyo, ya iso Nijeriya a 1899. Daga PZ hanya guda ta bi ta Kwangila ta nufi Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962. Wata kuma ta haye gadar Kubanni ta shiga Tudun Wada, ta zarce Birni. Saboda haka ran da wata makaranta ke wasanninta na shekara, sai ka ga 'yan makaranta suna ratsa PZ ƙungiya ƙungiya, da tutoci da ganguna. Kaɗan ne daga cikinsu za su yi tsere. Sauran duk masu kirari ne, watau masu ƙarfafa zuciyar 'yan wasa da murya da tafi. Aikinsu za a duba a wannan darasi.

Gidajen Makaranta

Zariya garin makarantu ne. Akwai Kwalejin Alhudahuda, da ta Kufena a Wusasa, da Makarantar Soja ta yara wadda aka buɗe a 1954, da Kwalejin Barewa. Ita Barewa a Katsina aka kafa ta a 1921. Ta koma Kaduna a 1938, kana ta zo Zariya a 1949, aka sa mata sunan Barewa a 1971.

A makarantun kwana akan raba yara gida gida, kowane gida da sunansa da shugabansa. A Barewa an sa wa gidajen sunayen mutanen da suka yi wa ilmi ko mulki aiki. Akwai gidan Ɗan Hausa, Baturen da ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Akwai na Malam Bello Kagara, mawallafin littafin Ganɗoki. Akwai kuma na Ja'afaru, Sarkin Zazzau daga 1937 zuwa 1959. Makarantun jeka-ka-dawo su ma sun ɗauki wannan tsari, sai dai sau da yawa da launi suke rarrabe gidajensu: ja, da kore, da shuɗi, da rawaya.

Hikimar wannan rabo ita ce, a gida guda za a sami ɗan Birni, da ɗan Sabon Gari wanda iyayensa suka zo daga kudu, da ɗan ƙauye. Harsunansu na gida dabam dabam ne, amma tutarsu ɗaya. In gidan ya ci, dukansu suka ci. In ya faɗi, babu mai zare jikinsa.

Wasa ya daɗe a waɗannan makarantu. Tun a Katsina ɗalibai suka koyi wani wasan ƙwallo da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, mutum biyu biyu. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya ƙware a kansa, bai kuwa bar shi ba har bayan ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

Asalin Kirari

Ƙarfafa mai aiki da kiɗa da murya tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. In an kira gayya, makaɗa sukan biyo manoma da gangar noma. Kiɗan yakan sa garemani su sauka tare, su tashi tare, har wanda ya gaji ya manta da gajiya. A fagen dambe ma haka ne. Ɗan dambe yakan yi kirari, makaɗin kalangu ya zuga shi, kamar yadda Ɗan Anace ya shahara da yi wa Shago waƙa. 'Yan mata kuwa suna da gaɗa a dandali: ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa da tafi. In abin farin ciki ya kai matuƙa, mata su rangaɗa guɗa.

Masu kirarin makaranta daga nan suka gaji sana'arsu. Suna da mai bayarwa, da 'yan amshi, da mai ganga, daidai da na dandali.

A wata ƙasa, watau Amurka, an mai da wannan abu wasa mai zaman kansa. A ran 2 ga Nuwamba 1898 wani ɗalibin Jami'ar Minesota, Johnny Campbell, ya tsaya gaban 'yan kallon ƙwallo, ya riƙa ba su kirari suna amsawa baki ɗaya. Daga nan abin ya bazu. Da farko maza ne kaɗai ke yi. Sa'ad da samari suka tafi Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan mata suka yawaita a ciki, har suka fi maza. Suka ƙara masa rawa, da tsalle, da alkafura, da hawa kafaɗun juna. Yanzu ƙungiyoyin makarantu sukan yi gasa tsakaninsu, alƙalai su ba da maki. A 2021 hukumar wasannin Olamfik ta duniya ta amince da ƙungiyar wannan wasa. A makarantun Zariya ba a kai shi can ba. Amma manufar ɗaya ce: kada ɗan wasa ya ji shi kaɗai ne a fili.

Shiri

Yawancin makarantu da rani suke wasanninsu, sa'ad da ba a tsoron ruwan sama. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da sauran makonni, cikin sanyin hunturu, 'yan tsere ke fita gudu da sassafe. Da yamma kuma kowane gida ya ja gefe guda yana gwaji. Malamin wasanni ya zaɓi waɗanda suka fi sauri, da masu tsalle, da ƙarfafan da za su ja igiya.

Wanda ba a zaɓa ba kada ya ɓata rai, gama da sauran aiki. Wasu za su koyi fareti, wasu su ɗinka tuta, wasu su share fili su ja layi da farar ƙasa. Mafi yawa kuwa za su shiga ƙungiyar kirari. A nan ake neman yaro ko yarinya mai kaifin murya, mai saurin hankali, a ba shi jagora. Sai su shirya kirarinsu gajere, mai sauƙin amshi, domin dogon kirari yakan watse a baki in mutane sun yi yawa. Su yi ta maimaitawa har muryar mutum hamsin ta fita kamar ta mutum guda. Malamin gida yakan saurara tukuna. In ya ji habaici ko zambo ga wani gida, sai ya sa a cire.

Ranar Wasa

Ranar wasa iyaye da manyan baƙi sukan zauna a rumfa. Da fareti ake farawa, gida bayan gida, kowa da tutarsa. Sa'an nan a shiga tsere. Akwai na mita 100, da na mita 400, da dogon tsalle, da tsallen bisa. Ƙanana kuma suna da tseren buhu, da na ƙwai a cokali. Kowane wasa da makinsa, a ƙarshe a tara, gidan da ya fi yawa ya ɗauki kofi.

Mai kirari na ƙwarai ya san lokacin magana, ya san na shiru. In 'yan tsere sun durƙusa a kan layi, wajibi ne fili ya yi tsit, domin su ji alamar tashi. Ihu a wannan lokaci yakan sa yaro ya zabura kafin lokaci, har a fitar da shi. Ga shi gidansa ne ya jawo masa. Amma da zarar sun tashi, sai ganga ta ɗauka.

A tseren miƙa sanda ake ganin amfanin kirari sosai. Mutum huɗu ne a ƙungiya, kowa ya yi mita 100 ya miƙa wa na gaba. Wani lokaci sandar takan suɓuce ta faɗi. Yaron da ta faɗi a hannunsa yakan ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ga sauran sun yi nisa. In gidansa ya yi shiru, ko ya fara gunaguni, da wuya ya ƙarasa. In kuwa ya ji ana kiran sunansa da ƙarfi, sai ya tsince ta ya ci gaba. Ko bai zo na ɗaya ba, mai yiwuwa ya cim ma wani, ya samo wa gidan maki. Sau da yawa kuwa da maki kaɗan ake raba mai kofi da na biyu.

A jan igiya ma haka. Ƙarfi kaɗai ba ya ci. In mutum takwas suna ja kowa a lokacin da ya ga dama, waɗanda ba su kai su ƙarfi ba, amma suna ja tare, za su iya kayar da su. Mai ba da murya shi ke haɗa su, kamar yadda gangar noma ke haɗa garemani.

Ci Da Faɗuwa

Kofi ɗaya ne, gidaje kuwa da yawa. Dole ne mafi yawan yara su koma ɗaki ba su ci ba. A nan ake gane tarbiyyar makaranta. Kishin gida abu ne mai kyau, amma in ya wuce iyaka yakan koma gaba. Baƙar magana ɗaya daga bakin mai kirari takan jawo jifa. Jifa kuwa ba ya zaɓen kai, yakan sami ƙaramin yaro da ya zo kallo. In haka ta faru, hukuma takan hana wasan, wahalar makonni ta tashi a banza, sunan makarantar kuma ya ɓaci a gari.

Saboda haka masu kirari suna da ka'idodi. Su yabi nasu, kada su zagi na wani. Kada su yi wa wanda ya faɗi dariya. Kada su yi jayayya da alƙalin wasa, ko sun ga kamar ya yi kuskure. Shugaban gida ne zai kai ƙara cikin ladabi. In ɗan wani gida ya yi bajinta, su tafa masa, domin yabon gwani ya zama dole. Wanda ya zo na ƙarshe a dogon tsere, amma bai tsaya ba, shi ma ya cancanci tafi.

Taken Kwalejin Barewa da Larabci yake, ma'anarsa kuwa wanda ya yi ƙoƙari zai samu. Gidan da ya rasa kofi bana yana da baɗi. Ƙananan da suka yi amshi yau su ne 'yan tseren gobe, za su kuwa tuna yadda manyansu suka yi ran da aka kayar da su. In sun ga sun miƙa wa masu nasara hannu, haka za su yi in nasu lokaci ya zo.

Tambayoyi

1. Daga ina PZ ta samo sunanta?
2. A wane gari aka kafa Kwalejin Barewa? A wace shekara ta zo Zariya?
3. Don me ake raba 'yan makaranta gida gida?
4. Ta yaya gangar noma take taimakon manoma?
5. Me ya sa ake yin shiru kafin 'yan tsere su tashi?
6. Kawo ka'idodi uku na masu kirari.

Aiki

Ku haɗu biyar biyar, ku shirya wa ajinku gajeren kirari wanda babu zambo a cikinsa. Ɗaya ya bayar, saura su amsa.