Darasi Na Goma Sha Biyu: Kundin Ayyukan Ɗalibin Zanen Ɗab'i

Duk wanda ya zaga cikin garin Azare zai ga rubutu ta ko'ina. Ga allunan shaguna, ga fostoci a jikin bango, ga katin ɗaurin aure da kalanda da rasit. Kowane ɗaya daga cikinsu, sai da wani ya zauna ya tsara shi kafin ya shiga injin bugu. Wannan mutum shi ne mai zanen ɗab'i. Sana'arsa tana da kasuwa a Azare, domin a nan fadar Sarkin Katagum take tun 1916, lokacin da aka dawo da ita daga tsohon garin Katagum. A nan kuma Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh take, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya. Inda makarantu da ofisoshi suka yi yawa, aikin takarda ba ya yankewa.

Ana koyon wannan fanni a manyan makarantu, kamar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Amma karatun aji kaɗai ba ya isa. Saboda haka ne hukumar ITF ta ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, wanda a ƙarƙashinsa ake tura ɗalibi wurin aiki na wata huɗu ko shida, domin ya san makamar aiki. Ɗalibin da iyayensa suke Azare yakan nemi gurbi a wata maɗaba'a ta cikin gari. Kullum yana rubuta abin da ya yi a cikin wani littafi, maigidansa yana sa hannu. Littafin nan na makaranta ne. Akwai kuma wani abu da yake na ɗalibin kansa, wato kundin ayyukansa.

Kundin ayyuka tarin zaɓaɓɓun ayyuka ne da mutum ya yi da hannunsa, ya jera su domin nunawa. Takardar shaida tana cewa mutum ya yi karatu, kundi kuwa yana nuna abin da ya iya. Shi ya sa mai maɗaba'a yakan fara buɗe kundi kafin ya dubi takardu. Ba a zuba komai da komai a ciki. Ayyuka goma masu kyau sun fi hamsin da aka haɗa ido rufe, domin aiki ɗaya maras kyau yana iya rage darajar sauran.

Ya kamata ɗalibi ya sa ainihin takardar da ta fito daga inji, ba hotonta na kwamfuta kawai ba. Dalili kuwa shi ne, allon kwamfuta yana haɗa launi da haske iri uku: ja da kore da shuɗi. Injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Sau da yawa koren da ya yi sheƙi a allo yakan fito a dushe a kan takarda. Haka kuma, wuƙar yankan takarda takan ɗan kauce, don haka gwanaye sukan bar launi ya zarce gefen shafi da kimanin milimita 3. Bugaggiyar takarda ce kaɗai take nuna ko ɗalibi ya san waɗannan abubuwa.

Babban gwaji ga mai tsara rubutun Hausa shi ne haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ da ƙ. Salon haruffa da yawa na kwamfuta ba su da su, domin ba don Hausa aka yi su ba. Malalacin mai zane sai ya sa b, d da k a madadinsu, yana ganin ba komai. Alhali kuwa da komai! Kura dabba ce, ƙura kuwa iska ce take tayar da ita. Baki shi ne abin cin abinci, baƙi kuwa su ne waɗanda suka zo daga nesa. Ka ga ke nan, katin da aka rubuta "masaukin baki" a kansa ya zama abin dariya. In an riga an buga kati ɗari biyar, takarda da tawada sun tafi a banza, kuma wataƙila mai biki ba zai sake dawowa ba. Ɗalibin da kundinsa ya nuna haruffan nan daidai ya riga ya wuce abokansa da taki ɗaya.

Sai maganar amana. Aikin maɗaba'a aikin hannu da yawa ne: wani ya ɗauki hoto, wani ya tsara shafi, wani ya kunna inji. Wajibi ne ɗalibi ya rubuta a ƙarƙashin kowane aiki wane ɓangare ne nasa. Wanda ya ɗauki aikin maigidansa ya ce nasa ne, asirinsa zai tonu ranar da aka zaunar da shi gaban kwamfuta aka ce ya sake irinsa. Kafin ya sa aikin wani a kundi, sai ya nemi izini, ya kuma rufe sunaye da lambobin waya da ke jikin katin.

Ma'anar Kalmomi

ɗab'i: buga rubutu da inji
maɗaba'a: wurin da ake buga takardu
gurbi: wurin da ake ba mutum
a dushe: ba haske sosai

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin kundin ayyuka da takardar shaida?
2. Me ya sa launi yakan canja tsakanin allo da takarda?
3. Yi jimla ɗaya da "kafa", ɗaya da "ƙafa".

Aiki

Ka duba allunan shaguna biyar a unguwarku. Ka kwafo kalmomin da aka rubuta ba lanƙwasa, ka gyara su a littafinka.