Yadda Ake Sa Rairayin Al Warsan Ya Riƙe Taki ta Hanyar Yumɓu

Wanda ya sayi dashe a gidajen rainon shuka na Al Warsan da ke gefen birnin Dubai, ya dasa a rairayi, yakan ga ganyen ya yi kore shar bayan zuba taki, ba da jimawa ba kuma ya koma rawaya. Ruwan da ake shayar da shukar ne ke wanke takin ya yi ƙasa da shi, domin rairayi ba ya riƙo. Manomin Kano ko Maraɗi ya san wannan bambanci tsakanin jigawa da fadama. Maganin shi ne a ƙara wa ƙasar yumɓu, amma a ƙara shi da sani.

Sirrin yana jikin ƙwayar yumɓu. Girmanta bai kai milimita 0.002 ba, alhali ta rairayi kan kai milimita 2, kuma ta yumɓun falle-falle take. Saboda haka giram ɗaya na yumɓun da ake kira bentonait yana iya samun farfajiya mai faɗin murabba'in mita 600 zuwa 800. A cikin fallayen, magnesiyam kan zauna a gurbin alminiyam, sai jikin ƙwayar ya ɗauki cajin negatif. Fotash, amoniyam, kalsiyam da magnesiyam kuwa cajin fozitif gare su, don haka suke mannewa a bayanta har saiwa ta zo ta karɓa. Tun a 1850 masu bincike biyu, Thompson da Way, suka nuna haka a Ingila: sun zuba ruwan amoniyam a ƙasa, ƙasar ta riƙe shi ta saki kalsiyam a madadinsa.

Mataki na farko, ka gwada ƙasarka. Cika sulusin kwalba da ita, ka ƙara ruwa, ka girgiza sosai ka ajiye. Rairayi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, yumɓu kuwa zai bar ruwan a gurɓace har kwana ɗaya ko fiye. In ruwan ya washe da wuri, ƙasarka na bukatar gyara. Mataki na biyu, zaɓi yumɓun da ya dace. Farar ƙasa irin ta Ƙanƙara a jihar Katsina, wato kawolin, riƙonta kaɗan ne. Bentonait ya ninka ta sau da yawa. A cikin bentonait ɗin ma ka nemi mai kalsiyam, domin mai sodiyam yana kumbura ya toshe hanyar ruwa.

Mataki na uku shi ne cakuɗawa. Fara da kaɗan, kamar mudu 1 na garin yumɓu ga mudu 20 na rairayi. Ka gauraya su a bushe har zurfin santimita 20 zuwa 30, inda saiwa ke yawo, kada ka bar curi. In aka shimfiɗa yumɓu a sama kawai, ɓawo zai yi ya hana ruwa shiga. Mataki na huɗu, ka haɗa da ruɓaɓɓen takin gargajiya, ka jiƙa ƙasar, ka bar ta ta kwana biyu kafin dashe. Mataki na biyar, ka riƙa zuba takin zamani kaɗan-kaɗan. Dalili kuwa, yuriya takan rikiɗe ta zama amoniyam, daga nan ta zama naitiret, shi kuma cajinsa negatif ne kamar na yumɓun, don haka ruwa na iya tafiya da shi.

Wani zai ce takin gargajiya kaɗai ya isa, tunda shi ma yana riƙe abincin shuka. Gaskiya ne yana riƙewa, sai dai zafin Dubai na saurin cinye shi, dole a yi ta ƙarawa, yumɓu kuwa ba ya ruɓewa. Wani kuma zai ce ai wannan zancen littafi ne. A 2020 cibiyar binciken noman ƙasa mai gishiri ta ICBA da ke Dubai, tare da kamfanin Desert Control na Norway, ta shayar da rairayi da yumɓun da aka dama a ruwa, aka girbe kankana da gero a wurin.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na gishiri, kuma shi ya kawo mataki na ƙarshe. Yumɓu yana kama sodiyam kamar yadda yake kama abincin shuka, don haka in ruwan shayarwa na da gishiri, sodiyam zai mamaye gurbin kalsiyam, ƙwayoyin su warwatse, ƙasa ta daskare. Alamarsa farin ɓawo a sama da ruwa mai kwanciya ba ya nutsewa. In ka ga haka, ka barbaɗa garin jifsom, kalsiyam ɗinsa ya ture sodiyam, sannan ka yi ban ruwa mai yawa ya wanke shi ƙasa da saiwa. Tukunya ko kwamin da ba shi da mafitar ruwa ba zai wanku ba, saboda haka ka tabbatar da mafitar tun kafin ka zuba yumɓun.