Baƙon da ya zama babban alƙalin Najeriya

Ƴan karatun yaƙi da jahilci na Bonkuku da na ƙasar Kurfai duka, ga darasin wannan mako. Labarin wani baƙo ne da ya je ci-rani, bai koma gida ba.

Sunansa Darnley Alexander. An haife shi a shekara ta 1920 a Kastiris, babban garin Santa Lusiya. Wani ƙaramin tsibiri ne a tsakiyar teku, can wajen Amurka. Yawancin mutanen wurin baƙar fata ne, jikokin bayin da Turawa suka kwasa daga Afirka. Ya yi karatun shari'a a jami'ar Landan, ya zama lauya, wato abuka. Ya yi aiki a tsibirin Jamaika.

A 1957 ya zo Najeriya. Ba ya da uwa ko uba a can, ba ya da gona. Gwamnatin jihar Yamma, ta ƙasar Yarbawa, ta ɗauke shi aikin tsara dokoki. Shi ba depite ba ne, ba wanda ya jefa masa ƙuri'a. Shi ke zama ya rubuta doka, kalma bayan kalma, kafin a kai ta majalisa ƴan majalisa su yi mahawara su amince. Aiki ne mai wuya, don kalma guda in ta karkace, wani zai rasa gonarsa, wani zai shiga kaso.

A 1964 aka naɗa shi alƙali a babbar kotun Legas. A 1969, ana cikin yaƙin basasa, aka ba shi shugabancin alƙalan jihar Kudu maso Gabas, a Kalaba. A 1975 Janar Murtala Muhammadu, mutumin Kano, ya karɓi mulki. Ga manyan alƙalai ƴan ƙasa, amma ya zaɓi wannan baƙo ya zama alƙalin alƙalan Najeriya duka. Ya riƙe kujerar har 1979. Bayan nan ya shugabanci hukumar gyaran dokokin ƙasa. Ya rasu a 1989.

Mine ne darasi? Alƙali nagari ba ya duban dangi. In an kawo rigimar iyakar gona, ko ta dabbobin da suka yi ɓarna a dallol, ba a tambaya wane ɗan wane ne. Hujja da shaidu ake bi. Baƙo kuwa ba ya da suruki a gari, sai gaskiyarsa da iliminsa. Su ne jarin Alexander.

Kowace shekara, bayan girbi, samarin Bonkuku da Filinge suna tafiya Yamai, Najeriya ko Gana. A can su ma baƙi ne. Wanda ya iya karatu zai karanta takarda kafin ya dangwala mata yatsa. Kuma baƙon da ya sauka a garinmu, kada a raina shi. Ba a san abin da ke cikin kansa ba.

Tambayoyi
1. Ina aka haifi Alexander?
2. Mine ne bambancin mai tsara doka da alƙali?
3. Shekara nawa ya yi yana alƙalin alƙalai?