Karatun Jami'a Ta Intanet: Taimakon Juna Da Gasa

'Yar'uwa, a yau matar aure na iya yin digiri tana ɗakinta. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a 2002. Littattafanta kina iya sauke su a waya, gwaji ma ta intanet ake yi.

Sai dai karatun akwai kaɗaici. Babu malamin da zai tsare ki a aji, ga girki, ga yara, ga hidimar maigida. Shi ya sa ɗalibai ke buɗe zaure a WhatsApp. To, yaya za ki ci moriyarsa?

Na farko, ku zama kaɗan, kamar mata huɗu ko biyar masu kwas ɗaya. Ku raba babi-babi, kowacce ta karanta nata ta turo bayani da murya, wadda ke wanke-wanke ma ta saurara. Wadda ta yi wa wata bayani ita ce karatun ya fi zama a kanta.

Na biyu, ki bambance taimako da satar amsa. A NOUN, gwajin da ake kira TMA maki 30 ne, jarrabawa kuma 70. Idan aka turo miki amsoshi kika kwafa, kin samu 30 ɗin a sauƙaƙe, amma ranar jarrabawa a cibiya ke kaɗai ce gaban kwamfuta ko takarda. Ga shi kuma ha'inci ne, kuma da wannan takardar shaidar za ki nemi abincin da 'ya'yanki za su ci.

Na uku, gasa ba laifi ba ce. Ganin wata mai goyo ta gama babi biyar kina na biyu zai zaburar da ke. Malamai sun raba gibɗa da hassada: ta farko fatan samun irin abin da 'yar'uwarki ta samu ne ba tare da ta rasa nata ba. Amma ɓoye tsoffin tambayoyi, ko yin shiru kan canjin ranar jarrabawa don wata ta faɗi, wannan hassada ce. Makinta ba daga naki ake ɗiba ba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.