Kafin Ka Haƙa Ramin Kifi, Gwada Ƙasarka

Jama'a, masu niyyar kiwon tarwaɗa a ramin ƙasa, ku duba wannan kafin ku biya masu haƙa.

Kowace ƙasa tana da ƙananan kafofi tsakanin ƙwayoyinta. Amma yawan kafofin daban, sauƙin wucewar ruwa ta cikinsu daban. Yumɓu ya fi yashi yawan kafofi, wani har rabin jikinsa kafofi ne, sai dai mitsi-mitsi ne, shi ya sa in ya sha ruwa yake riƙewa. Na yashi manya ne, kuma a haɗe suke, ruwa zurarewa kawai yake yi. Dutsen da ke ƙarƙashin yankinmu kuwa, in bai ruɓe ko ya tsage ba, mai burtsatse ba zai samu ruwa ba.

Yawancin gonakin Bici jigawa ce. Gero da gyaɗa suna sonta, ramin kifi kam a'a. Laka sai fadama.

Ga gwaji: haƙa rami zuwa ƙugu, cika shi da ruwa da safe, ƙara cikawa da yamma, ka rufe da ganye. Washegari in ruwan ya gudu, kar kuɗin man janareta ya cinye ribarka: shimfiɗa tamfol, ko ka gina na siminti.