Darasin Kimiyya: Bitamin D a Jikin Mai Jego da Jaririnta

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan bitamin D ne, sinadarin da fatar mutum ke haɗawa da kanta idan rana ta taɓa ta. Daga fata jini yakan kai shi hanta ta sarrafa, ƙoda ta ƙarasa. Aikinsa taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, da kalsiyam ɗin ne kuwa ake gina ƙashi da haƙori.

Za ku ce a nan Sabon Birni da Isa, inda rana ke ƙwallewa kusan duk shekara, ina abin damuwa? To ku dubi mai jego. Kwana arba'in tana ɗaka, in ma ta fita unguwa daga baya a lulluɓe take, jariri kuma yana naɗe cikin zane. Ranar da ba ta sauka a fata ba, ba ta amfana wa jiki da wannan bitamin, baƙar fata kuma ta fi farar fata bukatar jimawa a cikinta.

Jariri yakan zo duniya da ɗan guzurin da ya samu daga uwa tun yana ciki, wanda ke ƙarewa cikin 'yan makonni. Babu abincin da ya kai nonon uwa, kada kowa ya fahimce ni a baibai, amma wannan bitamin kaɗan ne a cikinsa. A ma'aunin da likitoci ke kira IU, lita guda ba ta cika wuce 80 ba, alhali jariri na bukatar 400 kullum har ya shekara. In na uwa ya yi ƙasa, na nononta ma sai ya ƙara raguwa.

Alamomin rashinsa a bayyane suke. Maɗiga takan daɗe ba ta rufe ba, wuyan hannu ya kumbura, ƙulle-ƙulle su jeru a haƙarƙari kamar carbi, yaro ya yi jinkirin tafiya, in ya miƙe ƙafa ta yi gwame ko ta lanƙwashe.

Akwai abin da ya fi damuna. A 1999 Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun nuna cewa yaran da suka duba masu waɗannan alamomi kalsiyam ne ya yi musu kaɗan, kusan miligiram 200 kawai suke samu a rana, kuma shi ya fi warkar da su a kan bitamin D shi kaɗai. Abincin yaye a nan wajenmu kunun gero ne da tuwon dawa, masu ƙarancin kalsiyam, ga satar shanu ta sa nonon saniya ya yi wuya a ƙasar Gobir.

Saboda haka uwa ta riƙa shan hantsi a tsakar gida, hannu da ƙafa a buɗe. Jariri ba a shanya shi a rana, ɗigon bitamin D ake tambayo masa a asibiti. Bayan yaye a yawaita miyar kuka da zogale da ƙananan kifi da ƙashinsu. In kun ga wuyan hannun ƙaninku ya kumbura, ku faɗa a gida a kai shi asibiti tun ƙafa ba ta karkace ba.