Rajistar Tallafi Ba Ta Sayarwa Ba Ce

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, alhali ba al'adata ba ce in fitar da maganar aikina bainar jama'a, shi ne wani al'amari da ya auku ga wata dattijuwa daga cikin matan da nake bibiyar ƙungiyoyinsu na adashi a ƙauyukan arewacin birnin Katsina, wanda tun ranar da ta same ni da shi a gidanmu da ke unguwar Gobarau har zuwa yau zuciyata ba ta daina tafasa ba. Ba zan ambaci sunanta ko na ƙauyensu ba, domin suturta Musulmi wajibi ne, balle wanda aka zalunta ya kuma ɗauki kunyar zaluncin ya ɗora wa kansa.

Wannan baiwar Allah mijinta ya rasu ya bar mata marayu da 'yar gona ta jigawa wadda ko a shekarar albarka geronta ba ya kai su bazara, saboda haka ranar da mutanen gari suka zauna don fitar da sunayen gajiyayyunsu, babu mahaluki ɗaya da ya yi jayayya da aka kira sunanta. Shirin tallafin kuwa shi ne wanda gwamnatin tarayya ta soma a 2016, na ba gidajen faƙirai Naira 5,000 a wata, a lokacin ana haɗa na wata biyu a miƙa Naira 10,000 a hannun uwar gida, wanda daga baya aka zuba masa dala miliyan 322 da ɗoriya daga dukiyar zamanin Janar Sani Abacha da aka dawo da ita daga ƙasar Suwizalan. Na sha jin ma'abota albashi a nan birni suna yi wa wannan adadi dariya, suna cewa me dubu biyar za ta tsinana wa mutum, kuma ban ga laifinsu ƙwarai ba, don wanda bai taɓa kwana yana lissafin tiya ba ba zai gane ƙimarta ba. Ni dai na ga abin da ta tsinana.

Biyan farko da na biyu ci ta yi, ta sayi hatsi da sabulu, ta biya bashin mai kemis, kuma duk wanda ya ce wannan almubazzaranci ne bai san aikin nan ba, gama mai jin yunwa ba ya riƙe jari. Daga na uku ta soma zubi. Da kwasarta ta zo sai ta sayi 'yar akuya wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ragowar ta auni gyaɗa, ta koma sana'ar da ta gada wurin mahaifiyarta, wato soya gyaɗa da kai niƙa da matse mai da toya ƙuli-ƙuli, jikarta na kai wa mai shayi da masu gasa tsire ran kasuwa. Akuyar ta haihu, 'ya'yan suka haihu, takinsu ya tafi gona, harawar gona ta dawo turke, har ya zamana idan Sallar layya ta gabato tana da abin da za ta fitar ta sayar ba tare da ta taɓa uwayen ba. Yaran da dā tallan goro ya hana su zama suka koma makarantar allo da safe, biyu daga ciki har boko. Ba ta zama mai arziki ba, amma ta fita daga sahun masu jiran a ɗebo musu tuwo daga maƙwabta, wannan kuwa a wurin mace mai mutunci ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙungiyarsu tana tafiya ne bisa tsarin da ya samo asali daga maƙwabtanmu na Maraɗi, inda a 1991 aka kafa Mata Masu Dubara da taimakon ƙungiyar CARE, tsarin da daga baya ya bazu ƙasashe masu yawa: akwati guda na ƙarfe mai kwaɗo uku, makullansa a hannun mata uku daban-daban, shi kansa akwatin yana ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai ranar taro a gaban idon kowa. Saboda amanarta da tsoron Allah da aka shaide ta da su, ita aka ba ajiyar akwatin. Wannan akwati shi ya riƙe su a 2021, lokacin da matsalar 'yan bindiga ta sa gwamnatin jiha ta hana cinikin dabbobi a manyan kasuwanni irin su Jibiya da Batsari da Mai'aduwa, mai akuya ya rasa inda zai kai ta. Shi ya riƙe su a farkon 2023 da canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, haka nan a dogayen watannin da biyan ya tsaya cak ba bayani. Duk waɗannan jarrabawa sun wuce akwatin yana nan da nauyinsa.

Abin da rashin tsaro da canjin kuɗi suka kasa yi, wani yaro ɗaya mai zaƙin baki ya yi shi cikin yini biyu. Bayan da aka yi shela a watan Oktoba na 2023 cewa za a ba gidaje miliyan 15 Naira 25,000 a wata har wata uku, jama'ar karkara, waɗanda cire tallafin man fetur ya riga ya gigita, suka zuba ido suna jira, wata ya bi wata, kowa na tambayar ko sunansa na ciki. Cikin wannan hali sai ga shi ya sauka ƙauyen bisa babur, da wankakken kaftani, da kati rataye a wuya, da jaka mai kwamfuta, ya ce daga birni aka aiko shi sabunta rajista, tsohuwar ta mutu, wadda duk ba ta sabunta ba kafin Juma'a an share ta har abada. Aka shimfiɗa masa tabarma a zauren wani mai faɗa a ji, aka kawo masa fura, babu wanda ya tambaye shi takardar da ta aiko shi, babu wanda ya ɗaga waya ya kira ma'aikacin da suka saba gani shekara da shekaru. Ya yanka kuɗin fom a kan kowace mace, sa'an nan ya ce a kawo katin cire kuɗi da lambar sirri, wai don ya haɗa su da lambar NIN.

Mafi yawan matan ba su da abin biya a lokacin, domin damina ce, rumbu ya yi ƙasa. Ita kuwa dattijuwar nan, da ta ga 'yan'uwanta za su rasa rabonsu tana zaune a kan kuɗinsu, sai tausayi ya rinjayi sharaɗi: ta aika aka kira masu makullai bayan sallar isha'i, suka buɗe akwati ba ranar taro ba, suka ƙirga, bai kai ba, da gari ya waye ta sa aka ja akuyarta mai ciki aka sayar da ita a wulaƙance don a cike. Ya ba kowace mace 'yar takarda mai hatimi, ya yi musu addu'a, ya hau babur. Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba, kuma 'yan kuɗin da suka rage wa wasu a asusu duk an yashe su kafin mako ya zagayo.

Da ta shigo gidanmu bayan la'asar, ta ƙi hawa kujera, ta zauna a bakin tabarma ta kwance gefen zanenta ta fiddo takardun nan a ɗaure da zare, ta ce, "Malama, duba mani, ko da gaske babu komi cikinsu?" Na duba, hatimin ma na wata sana'a ce daban wadda ba ta da alaƙa da hukuma. Na ce, "Inna, sai haƙuri, babu." Ta yi shiru mai tsawo, sa'an nan ta ce, "Akuyata ba ta dame ni ba, Allah da Ya ba ni ita Yana nan. Amma mi zan ce ma matan da suka ba ni amana?" Ban sami amsar da zan ba ta ba, kuka muka yi tare.

To, jama'a, ga magana a fili. Ba a sayen rajistar tallafi da kuɗi. Mutanen gari ne ke fitar da sunayen mabuƙatansu a bainar jama'a, ma'aikaci ya rubuta, ko sisi ba a biya. Duk wanda ya ce a kawo kuɗin fom ɓarawo ne, ko da ya rataya kati goma a wuya. Lambar sirri ba a faɗa wa kowa. Akwati ba a buɗe shi sai ranar taro.

Ina jin haushin yaron nan, Allah Ya isar wa marayu, amma ba zan ɓoye ba, ina jin haushin matan su ma, domin babu wani zama da muka yi da su wanda ba a maimaita maganar lambar sirri ba, har sukan yi mini dariya su ce Malama ta fara karatun nata. Me ya sa maganar wanda kuka sani take zama iska, ta baƙo mai babur ta zama hujja? Haushina ya fi yawa a kan dattawan da suka ba shi zaure, gama da zamansa a wannan zaure ya sayi amincewar mata, waɗanda a al'adarmu ba za su tuhumi baƙon da manya suka karɓa ba. Shugabanci amana ne, kuma wanda ya shimfiɗa tabarma bai bincika ba yana da kaso a cikin alhakin.

Ba kuma baƙo kaɗai ke cin wannan dukiya ba. Akwai magidancin da ke jiran matarsa a bakin layi ranar biya ya karɓe kuɗin, wai shi ne shugaban gida, ya ƙara aure ko ya kashe a majalisar shayi, alhali shari'a ba ta halatta masa dukiyar matarsa ba sai da daɗin ranta. Akwai ɗan da ke riƙe katin uwarsa don ba ta iya karatu ba, ya ciro goma ya ce biyar aka turo. Akwai mai POS da ke cewa tsohuwa ta faɗi lambar ya danna mata, ya maido kati ya ce babu sabis, alhali ya cire. Inna, ki danna da hannunki, in ba ki iya ba ki zo a koya miki, lamba huɗu ce, ba ta kai lissafin adashin da kike riƙewa a ka ba.

A inuwar hasumiyar Gobarau, inda tun ƙarnoni da suka shuɗe ɗalibai ke tahowa daga nesa neman fiƙihu, an daɗe ana karantar da cewa wanda aka ba ajiya ba ya ramuwar abin da ya salwanta sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗin da aka gindaya masa. Wannan hukunci shi limamin ƙauyen ya bayyana wa matan ƙungiyar da suka je sulhu, kuma tun kafin ya rufe baki dattijuwar ta ce ta ji, ta ƙetare sharaɗi, za ta biya. Masu makullai suka ɗauki wani kaso, waɗansu mata suka yafe nasu, saura kuwa tana nan tana biya da kuɗin ƙuli-ƙuli, kaɗan-kaɗan, mace mai jikoki, saboda laifin da tushensa tausayi ne. Ƙungiyar ba ta watse ba, alhamdu lillahi, amma aikin shekaru ya koma kusan farko, kuma mata uku mazansu sun hana su sake zubi.

Ina roƙon limamanmu na Juma'a, na birni da na karkara, su sanya wannan gargaɗi cikin huɗuba, domin kalma ɗaya daga mumbari ta fi zama goma na irinmu tasiri. Ina roƙon dagatai da masu unguwanni kada su sake ba wani mai fom masauki sai sun tuntuɓi hakimi ko sakatariyar ƙaramar hukuma sun tabbatar da wanda ya aiko shi. Ku kuma 'yan birni da kuke da uwa ko gwaggo ko yaya a ƙauye tana karɓar tallafi, ku kira ta yau, ku gaya mata da bakinku kada ta biya kowa kuɗin rajista, kada ta faɗa wa kowa lambar sirrinta, in kuwa wani ya zo da wannan magana a riƙe shi a zaure a aika a kira hukuma.